Ɓeran da ke waƙa da kanarin Alhaji, wai tafiyarsu ɗaya ce?

Wani Alhaji daga Agege ne ya aiko tambaya, yace yaronsa ya nuna masa bidiyo a waya, wani ɗan mitsitsin ɓera ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya ya ɗaga kai sama yana zuba kuka kamar kanari. Shi kuma ya daɗe yana kiwon kanari, shine yake so ya sani: gaskiya ne akwai irin wannan ɓeran ko haɗin kwamfuta ne, in akwai shi kukansu iri ɗaya ne da na kanari, sannan in ya riƙa kunna wa ɗan ƙaramin kanarinsa bidiyon zai ɗauka?

Alhaji ranka ya daɗe, wallahi tambayar nan ta min daɗi, don ilimin dabbobi na karanta kuma aikina a nan Legas kula da ɓerayen gwaji ne a wani ɗakin bincike, shi kuwa kanari a gidanmu na buɗe ido na ganshi, mahaifina Allah ya jiƙansa bai taɓa zama babu keji a rataye a zaure ba. Toh kaga duk ɓangarorin biyu sun shafe ni.

Ɓeran akwai shi, ba haɗi bane. Sunansa a wajen masana Scotinomys teguina, ana kuma ce masa ɓeran Alston mai waƙa, da sunan Baturen Sukotland Edward Alston da ya fara siffanta shi a ƙarni na 19. Babu shi a Afirka ko kaɗan. Gidansa tsakiyar nahiyar Amurka ne, daga kudancin Meziko a gangaro ta Kosta Rika har yammacin Fanama, kuma ba ko'ina ba, sai can saman duwatsu daga wajen mita 1,000 zuwa kusan 3,000, dazuzzukan da kullum hazo ya lulluɓe su ƙasa a jiƙe ga sanyi. In ka taɓa hawa Mambila da damina to ka kwatanta irin wannan yanayin, kaga mu nan Legas da muke daidai da bakin teku cikin zafi da gumi ba wurin zamansa bane. Nauyinsa giram 10 zuwa 13, wato kamar Maggi ƙwaya uku ka ɗora a tafin hannu, kalarsa ƙasa-ƙasa mai duhu. Abu biyu ya saɓa da ɓeran da muka sani: da rana yake harkarsa musamman da safe, sannan ƙwari ne yawancin abincinsa, su buzuzu da ire-irensu, ba ɓarnar hatsi ba. Ko a dangi ma ba gidansu ɗaya da ɓeran ɗaki ba.

Abin mamaki kanarinka ma kusan nauyinsa kenan. Amma bari in ɗan gyara wani abu tukuna don kar mu ruɗe a gaba. Kanarin da muke kiwo a nan, mai rawayan ƙirji da ɗan baƙin ratsi a gefen baki, shi ne Crithagra mozambica, akwai kuma mai toka-toka da fari a ƙugu, Crithagra leucopygia, wanda ya fi yawa can Arewa wajen Sahel. Su na dajinmu ne. Wanda Turawa suke kiwo kuwa Serinus canaria ne, asalinsa tsibiran Kanari da Madeira da Azores a tekun Atalantika, kuma yawancin binciken da zan kawo a kansa aka yi. Dangi ɗaya ne dai, kuma dukansu suna cikin babban rukunin tsuntsaye masu rera waƙa wanda ya kai kusan rabin tsuntsayen duniya, su kuwa wannan rukunin an san su da koyon kuka.

In ka saurari na ɓeran da kyau, kai da kunnenka ya saba, zaka ji sauti kala ɗaya ne yake ta maimaitawa. Yana farawa ƙasa-ƙasa da gajeru-gajeru masu sauri sosai, sai su riƙa ƙara tsawo suna ƙara ƙarfi har ya dire, a kuka ɗaya zai iya jera kusan guda 100, ya ɗauki sakan 10 ko fiye. Shikenan, gobe ma haka, maƙwabcinsa ma haka tsarin yake, sai dai wani ya fi wani tsawo ko sauri. Kanari fa? Zai kama salo ɗaya ya maimaita ya maimaita sai ya juya ya kama wani, ya sake juyawa, babban namiji na Turai yana riƙe sauti kala 20 zuwa 40 yana sarrafa su. Don haka in maganar daɗin kuka da gwaninta ake yi ni dai a wajena ba a ma haɗa su, kanari ya yi masa nisa.

Wajen da sautin yake fitowa ma daban ne. Ɓera da maƙogwaro yake yi irin namu, a saman bututun iska. Tsuntsu nashi akwatin muryar can ƙasa yake cikin ƙirji, daidai inda bututun iska ya rabu biyu zai shiga huhu, kuma kowane ɓangare yana iya aikinsa shi kaɗai, shi yasa wasu tsuntsayen suke fitar da murya biyu a lokaci guda. A kanarin Turai ɓangaren hagu ne yake ɗaukar yawancin aikin. Inda suka yi kama shi ne numfashi. Kasan mutane suna mamaki yadda kanari zai ja kuka mai tsawo kamar baya shan iska, to yana sha, tsakanin sauti da sauti yake ɗan zuƙar iska kaɗan-kaɗan, sama da sau 20 a sakan guda in ta kama. Ɓeran shi ma kowane sauti ɗaya da numfashinsa ɗaya yake tafiya.

Toh yanzu ga inda suka rabu na gaske, kuma nan ne nake so ka riƙe. Kanari koyo yake yi. Wannan kai ka sani tun kafin masana su rubuta. Na tuna wata safiya da na je shan shayi wajen wani ɗan garinmu nan Agege kusa da layin dogo, keji uku ne a rataye ƙarƙashin rumfarsa, tsoho guda ɗaya yana ta zuba, sai ɗan ƙarami a kejin gefe ya kumbura gashi ya lumshe ido, bakinsa a rufe amma in ka matso zaka ga maƙoshinsa na rawa, wani ɗan gunaguni na fita ƙasa-ƙasa mara kan gado, da ƙyar kake jinsa saboda hon ɗin danfo. Mai shayin yace min ai karatu yake yi. Wallahi bai yi ƙarya ba, daidai yake da gwarancin jariri. Yana jin na babba ya ajiye a kai, sai ya riƙa gwada nashi yana sauraron kansa yana gyarawa har ya daidaita. Tun shekarun 1950 wani masani a Kambirij ta Ingila, William Thorpe, ya raini 'ya'yan wani tsuntsu su kaɗai ba sa jin manya, da suka girma kukansu ya fito a gurguje ba tsari. A shekarun 1960 kuma Masakazu Konishi ya nuna cewa in ɗan tsuntsu ya kurmance kafin ya gama koyo to kukan ya lalace kenan, ko da ya riga ya ji na babba, saboda dole sai yana jin muryar kansa. Har karin harshe suna da shi, Peter Marler ya samu wani tsuntsu a kewayen San Francisco da na wannan yanki kukansu ya bambanta da na wancan yanki, kamar dai yadda kana jin Basakkwace ya buɗe baki ka san ba Bakano bane.

Ɓera kuwa da abinsa ake haifarsa. A ɓerayen gwaji irin waɗanda nake kula da su an gwada wannan sosai, an samu waɗanda kurame ne tun haihuwa kuma suka yi kukansu kusan daidai da masu ji, an kuma ɗauki jariran wani iri aka ba uwar wani iri ta raina, da suka girma na iyayen da suka haife su suka yi ba na gidan riƙo ba. Shi ma mai waƙar ba a san shi da zama gaban malami ba, tsarin kukan gado ne. Dabbobin da suke koyon murya ta hanyar ji ai ƙalilan ne, mu mutane, tsuntsaye masu waƙa, aku, wani ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure na nahiyar Amurka, jemage, giwa, da su dabbar dolfin da manyan dabbobin teku. Ko biri da yake kama da mu bai iya abinda kanarinka yake yi ba.

Kuma kanari ya wuce nan ma. Wasu tsuntsayen sau ɗaya suke koyo a ƙuruciya su rufe, misali wani ɗan tsuntsun Ostareliya mai jan baki da Turawa ke kira zebra finch, in ya kai kwana 90 kukansa ya daskare har mutuwa. Kanari duk shekara yana sabunta nashi. Ka lura in ya shiga zubar da gashi sai ya yi tsit kamar mara lafiya, in ya dawo kuma sai ka ji ya zo da wani sabon salo ya yar da wani tsoho? Wannan abin ne ya ja hankalin Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller a New York. A 1976 ya gano wuraren da suke tafiyar da kuka a ƙwaƙwalwar kanari, ɗaya daga cikinsu ana ce masa HVC. A 1981 ya nuna cewa wannan wurin kumbura yake yi lokacin neman mace da yawan kuka ya kai kusan ninki biyu, bayan zubar gashi ya motse. A 1983 shi da Steven Goldman suka nuna sabbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna tsirowa a babban kanari, alhali a lokacin abinda likitoci suka yarda da shi shi ne ƙwaƙwalwa in ta girma ta gama, sai dai raguwa. Ɗan tsuntsun da muke ba acca a gwangwanin madara shi ya taimaka aka sake duba wannan maganar gaba ɗaya, ni har yau abin yana taɓa ni.

To in haka ne me ya sa masana suka damu da ɓeran? Saboda baya katse ɗan'uwansa. In aka ajiye maza biyu a ɗakuna maƙwabta, suna jin juna ba sa ganin juna, ɗaya ya fara, ɗayan zai yi shiru sai ya dire sannan ya amsa, kuma tsakanin direwar da amsawar wajen rabin sakan ne, a kai a kai. Yana iya gajarta nashi ko ya ƙara tsawo gwargwadon abinda abokin ya yi. Alhaji ka duba gaisuwarmu, ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ya iyali, lafiya ƙalau, ba wanda yake hawa kan wani kuma ba a barin gibi, in mutum ya yi jinkiri ko na sakan ɗaya sai ka ce lafiya kuwa? An auna wannan a harsuna 10 na duniya aka samu gibin da mutane ke bari kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne. Abu ne da muke yi ba ma ko tunani amma aiki ne babba a ƙwaƙwalwa, dole kana sauraro kana hasashen inda zai tsaya kana kuma shirya taka amsar duk a lokaci guda.

A 2019 mujallar Science ta buga aikin Daniel Okobi da Arkarup Banerjee a ɗakin binciken Michael Long na Jami'ar New York, tare da Steven Phelps na Jami'ar Texas wanda ya daɗe yana bin ɓerayen nan. Sun samu wani wuri a ɓawon ƙwaƙwalwar ɓeran, ɓangaren da ke juya tsokar baki da fuska. Da suka sa maganin da ya kwantar da wurin na ɗan lokaci, ɓeran bai daina kuka ba, yana iya yin abinsa shi kaɗai, amma amsa wa abokin a kan lokaci ta gagara. Kenan kukan kansa daga can ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, shi kuma na saman shi ke cewa yanzu fara, yanzu dakata. Wani abin da ya ƙara min daɗi shi Long ɗin nan a 2008 ya taɓa yin irin gwajin a tsuntsu, shi da Michale Fee, suka ɗan sanyaya HVC na zebra finch, sai kukan gaba ɗaya ya ja ya yi nauyi kamar kaset in batirin rediyo ya yi sanyi. Da aka sanyaya na ɓeran kuwa ba haka aka gani ba, sautukan ba su ja ba, sai dai ya ƙara yawansu kukan ya daɗe kafin ya kai ƙarshe. Kaga a tsuntsu wurin yana riƙe da kowane bugu, a ɓera kuma kamar shugaban 'yan amshi ne da ke ba da alamar shiga da fita kawai.

Kar in zalunci tsuntsaye, su ma akwai gwanayen amshi. Muna da ɗaya a ƙasar nan, Laniarius barbarus, mai jan ƙirji jawur da baƙin baya da rawaya a ka, yana son cikin sarƙaƙiya, namiji zai yi fito macen ta amsa da wani ƙas-ƙas nan take har ka rantse tsuntsu ɗaya ne. Amma ƙwaƙwalwar tsuntsu gininta daban ne da tamu, shi kuwa ɓera mai shayarwa ne, maƙogwaro irin namu ɓawon ƙwaƙwalwa irin namu, shi yasa masu binciken suke fatan ta kansa a fahimci abinda ke lalacewa in mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki magana ta riƙa sarƙe masa, ko yaran da ke da otizim da hira ke musu wuya.

Dalilin kukan kuwa kusan ɗaya ne, neman mace da gargaɗin kishiya. A duka biyun maza ne suka fi yi, kuma sinadarin maza testosteron ne ke hura wutar. In aka ba macen kanari shi sai ta fara kuka kamar namiji, in aka dandaƙe ɓeran kukansa ya ragu ya yi rauni, a mayar masa da sinadarin ya dawo. Matan ɓeran kuma an ga sun fi karkata ga wanda ya fi iya jero sauti da sauri ba tare da ya rage faɗin muryar ba. Yana da wani ɗan'uwa ma, Scotinomys xerampelinus, da ke zaune sama da shi a dutse inda ya fi sanyi, ya ɗan fi shi girma da faɗa, Bret Pasch ya nuna cewa in na Alston ya ji kukan wancan sai ya yi shiru ya ja baya, da murya kawai suke shata iyaka.

Ɓerayen shagonka su ma suna nasu, ba ka dai ji ne. Tun 2005 Timothy Holy da Zhongsheng Guo suka nuna namijin ɓeran gida yana rera wa mace wani abu mai tsari, sai dai muryar ta yi sama da yawa, a ma'aunin tsinin murya da ake kira kilohaz daga 30 take zuwa sama da 100, kunnen mutum kuwa a wajen 20 yake tsayawa. Ni a wajen aiki in na sa namiji da mace a akwati ɗaya zan ga yana binta yana shinshina, haƙarƙarinsa na motsi da sauri-sauri, ɗakin tsit. Shi na Alston abinda ya fito da shi fili shi ne wani ɓangare na kukansa ya sauko inda kunnenmu ke kamawa. Amma dan Allah kar yara su ji wannan su ce zasu kama ɓera su ajiye, akwai wanda ake kira Mastomys natalensis mai yawan nonuwa, shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashinsa ake ɗauka. Kuma accar da kanari ke watsarwa ƙasa ita ke jawo su, su hau keji da dare har su ciji ƙafar tsuntsu, don haka a riƙa sharewa da yamma kuma a rataye kejin da waya nesa da bango.

Tunda na taɓo kula da keji bari in faɗi wanda ya taɓa cina. Na rasa wani kanari mai kyau a dare ɗaya, an ɗauke wuta maƙwabci ya tada ƙaramin janareta a lungun da tagarmu take, kejin na rataye a wajen, da asuba na same shi a ƙasan keji ya sandare. Hayaƙin ne, iskar kabon monoksaid, bata da wari bata da kala, kuma tsuntsu saboda yanayin numfashinsa da ƙanƙantar jikinsa ya fi mu saurin faɗuwa. Saboda haka ne ma tun shekarun 1890 masanin nan John Haldane ya ba masu haƙar kwal a Birtaniya shawarar su riƙa shiga rami da ɓera ko ɗan tsuntsu, kanari ya zo ya zama shi aka fi amfani da shi har 1986 da aka maye shi da na'ura. Mu nan Legas da kowane lungu janareta ne, in ka ga tsuntsu ya kumbura yana layi a kan sanda alhali inji na aiki kusa, ka fitar da shi kuma ku ma ku fita.

Saura maganar kunna masa bidiyo. An taɓa gwada makamancin haka, a 2005 Timothy Gardner da Felix Naef da shi Nottebohm ɗin suka raini 'ya'yan kanari ba sa jin kowa sai wani sauti da aka haɗa da kwamfuta wanda ya saɓa da tsarin kanari kwata-kwata. Suna ƙanana sun kwaikwaya, wasu ma sosai. Amma da suka balaga lokacin neman mace ya zo sai suka daddatsa abinda suka koya suka mayar da shi tsarin gidansu, a maimaita salo ɗaya sannan a juya. Toh naka da yake jin manya a unguwa ma ya fi ƙarfin haka, da wuya ya kula ɓeran, in ma ya tsinci wani abu ɗan guntu ne zai cusa cikin nashi, ga shi lasifikar waya bata fitar da saman muryar ɓeran. Ni shawarata kar ka ɓata masa lokacin karatu da shi. Ka nemi tsohon da kukansa ya fi burge ka ko aro ne, ka rataye su kusa yadda ƙaramin zai riƙa ji da sassafe kafin hayaniyar titi ta tashi, in da hali ka sa ɗan kwali tsakaninsu don kar babban ya riƙa tsorata shi. In ka ji ya fara gunagunin nan baki a rufe kar ka matsa masa kar ka canza masa wuri, ka tabbatar dai akwai acca da ruwa mai tsafta da ɗan ganye, ka ba shi watanni.